Ɗakin da Goggo Makullai Ta Kulle

Kafin ka ga Goggo Makullai sai ka fara jin ta. Makullai goma sha ɗaya ne ɗaure da tsumma a ƙugunta, suna kacau-kacau duk inda ta sa ƙafa, har sunanta na yanka ya ɓace a ƙauyen. Akwai na ƙofar gida, na ɗaki, na rumbu, na akwati, da na ƙaramin akwatin da ke cikin akwatin. Akwai ma na wani kwaɗo da ya lalace tun shekaru, amma ta ƙi yar da makullinsa don kada wani ya tsinta. Abin da mai tsintar zai buɗe da shi, ita kaɗai ta sani.

Ba muguwa ba ce, a faɗi gaskiya. Tana ba maƙwabciya gishiri, sai dai za ta tsaya a bakin ƙofa ta ga hanyar da aka bi da shi. In ka gaishe ta da fara'a, ta wuni tana tunanin abin da kake nema. In kuwa ka wuce ba ka gaishe ta ba, to ka tabbatar mata da abin da ta daɗe tana zato. Abu ɗaya take taƙama da shi a duniya, kuma ba ta gajiya da faɗinsa: ba a taɓa ba ta ajiya ta ɓata ba, ko allura ce.

Kiwon kaji ne sana'arta tun tana amarya, kuma daga kajin halin ya samo asali. Shekarar farko da aurenta, wata kaza mai kwanci ta ɓace daga akurki, ita da ƙwanta. Mijinta ya ce muzuru ne. Ta ce muzurun da ya iya buɗe ƙofar akurki ya kuma mayar ya rufe, to ƙafa biyu gare shi. Tun daga ranar, duk bazara in zafi ya kama, kaji suka shiga kwanci, sai ta ɗauke su da kwandunansu ta tura ƙarƙashin gado. Itacen girkin da take tarawa kafin ruwa ya sauko, shi ma ɗaki take shigar da shi, ta jera a jikin bango har ya kusa taɓo rufi, wai itacen waje kullum raguwa yake yi ba tare da an hura wuta ba.

Mijin manomi ne, mai haƙuri kamar me. Yakan tashi da safe yana sosa wuya ya ce, "Ke, ni dai ban gane ba, ni da kajin nan wa ke da ɗakin?" Ta ce, "Wanda ke yin ƙwai." Sai ya yi dariya ya saɓa fartanyarsa ya fita.

Yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai ƙafafunsa suka fara kumbura. In ya hau ɗan tudu sai numfashi ya yanke masa, ya dafe ƙirji ya ce zuciyarsa tana tsallake bugu. Ranar da zai rasu ya biya ta gidan ƙaninsa, wanda kowa ke kira Magini don ginin ƙasa da yaɓe ne aikinsa, ya ci abinci a can, ya wuce gona, ya faɗi tsakanin kunyoyi bai ƙara tashi ba. A lokacin kuwa akwai ɗan saɓani tsakanin wan da ƙanin a kan iyakar gona. Goggo ta haɗa wannan da wancan, ta ƙulle a ranta cewa an daɗe ana sa wa mijinta wani abu a abinci, ranar aka ƙarasa shi. Ba ta taɓa furtawa ba. Katanga ɗaya ce tsakaninta da Magini, amma shekara goma sha tara ba ta taka gidansa ba, ba ta sha ruwan tulunsa ba.

Shi kuwa bai fasa ba. Duk shekara kafin ruwa, in ya gama shafe bangunan mutane, sai ya tsaya a ƙofarta da ragowar kwaɓi a kwanon sarki.

"Yaya, bangon ɗakinki ya tsattsage. Bari in shafe miki, ba sai kin ba ni komai ba."

"Tsagar tana ba ni iska," in ji ta, ta mayar da ƙofa. A ranta kuwa cewa take yi, ka ji shi, wai yaɓe. Cikin ɗakin yake son gani.

Mutum ɗaya ce ta taɓa samun Goggo ba kulle, ita ce jikarta. 'Yar Goggo tilo tana aikin ɗinki a birni, daga safe sai magariba, ba ta da mai duba mata yarinya. Shekara biyu da suka wuce ta kawo ta, tana 'yar shekara huɗu, ta ɗora hannunta a kan na tsohuwar ta ce, "Inna, ga ajiya." Goggo ta ce, "Ke kin san ni. Yadda kika ba ni haka za ki karɓa, sai dai ki samu ta ƙara tsawo." Yarinyar ba ta da aiki sai bin kaji, shi ya sa aka sa mata 'Yar Tsako. Gado ɗaya suke kwana. Goggo tana son yarinyar nan so na fitar hankali, ko tari ta yi sai gaban tsohuwa ya faɗi. Kullum tsoronta kada uwar ta ga wani aibi ta ce a ba ta 'yarta.

A bara 'yar ta aiko mata da fitila mai cajin rana, fara sol, don ta riƙa ganin gabanta in za ta zagaya. Goggo ta kafa ta a saman ƙofar ɗaki, ta bar ta a kunne tun daga faɗuwar rana har asuba, wai duk wanda ya hauro katanga ya san ana kallonsa.

Bana zafi ya zo da wuri. Tare da shi wata ma'aikaciyar lafiya ta zo ƙauyen a kan babur, da kwali cike da ƙananan kwalabe masu murfi, tana bi gida-gida. Yara suka sa mata Malama Mai Kwalba. Da ta iso gidan Goggo, sai ta tarar da ita ta riga ta tare bakin ƙofa, 'Yar Tsako na leƙe ta bayan zaninta.

"Sannu da gida, Goggo. Kan maganar ƙwaron bazara na zo."

Ta ɗaga wata kwalba. A ciki akwai wani baƙin ƙwaro, tsawonsa ya kai gaɓar yatsa, kansa siriri da tsini, gefen jikinsa da ɗigo-ɗigon ja. Malama ta yi bayani a hankali. Ta ce ba kuɗin cizo ba ne, wannan tashi yake yi. A daji yake zaune, a ramin ɓera da kogon itace, amma in zafi ya kama sai ya taso ya biyo hasken fitila zuwa gidaje, ya samu tsagar bango ya ɓuya da rana. In mutum ya yi barci sai ya fito ya sha jininsa, ya yi kashi a wurin. Cutar a cikin kashin take, mutum ne da kansa yake murza ta cikin ciwon ko cikin ido in yana susa.

"In kin ga irinsa, kada ki taɓa da hannu. Ki tura shi cikin kwalbar nan da tsinke ki rufe, ki aiko mini. Ko in shiga in ɗan duba bangon ɗakin kwananku?"

Goggo ta yi mata kallon hadarin kaji. "Wa ya ce miki bangona ya tsage?"

"Babu wanda ya ce. Kowane gida nake dubawa."

"Daga wane gida kika fito yanzu?"

Malama ta nuna gidan Magini. Goggo ta gyaɗa kai kamar wadda aka karanta wa wasiƙar da ta riga ta san abin da ke ciki.

"To ki koma ki ce masa kin zo. Ɗakina ko ƙuda sai da izinina yake shiga."

Kwalbar dai ta karɓa, don Goggo ba ta mayar da abin da ke da murfi. Ta zuba tsofaffin maɓallai a ciki ta ajiye a kan taga. Ranar har la'asar tana ta juya maganar. Ƙwaro mai bin fitila! Wato so ake ta kashe fitilarta, tsakar gida ya yi duhu. Ta ce lallai an raina mata hankali.

Bayan mako uku 'Yar Tsako ta tashi da safe idonta na hagu a kumbure, fatar sama da ta ƙasa sun yi suntum, sun yi jaja-jaja. Goggo ta taɓa, yarinyar ta ce ba zafi. Jikinta ne da ɗan ɗumi, kuma ta ƙi karyawa.

"Faɗuwa kika yi?"

"A'a, Kaka."

"Wa ya taɓa ki? Ina kika je jiya da na tafi rijiya?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta faɗi cewa wata kaza ce ta haura gidan Magini, ta bi ta, matar Magini ta ba ta ruwa da ɗan abin taɓawa.

Goggo ta zauna daɓas a bakin gado. Abin da ta shekara goma sha tara tana jira ke nan. Sun gama da uban gida, yanzu sun juyo kan jika. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba, sai kuma tsoron ya koma fushi. Ta yi abin da ta fi iyawa: ta mayar da yarinyar kan gado, ta ajiye mata ruwa da abinci, ta fito ta datse ƙofar da kwaɗo. Daga ranar 'Yar Tsako ba ta ƙara taka tsakar gida ba sai Goggo na riƙe da hannunta. Asibiti kuwa ko kusa, ai can Mai Kwalba take, wadda aka gani tana fitowa daga gidan Magini. Uwar yarinyar ta bugo waya sau biyu, Goggo ta ce kowa lafiya, yarinya tana barci. Ta ce a ranta bari kumburin ya saɓe tukuna, ba za ta nuna ajiya a haka ba. Ta gasa idon da ruwan ɗumi, ta shafa mai, ta yi duk abin da ta sani. Kwana goma, ido yana nan yadda yake, zazzaɓi na zuwa yana tafiya.

Rana ta goma sha ɗaya tana shanya a tsakar gida, sai ga kan Magini ya ɓullo ta saman katanga. Ya taka tsani ke nan.

"Yaya, ina yarinyar nan? Kwana da kwanaki ba mu ji muryarta ba."

"Kun aike ta ne?"

"Matata ta hange ta ranar da kika fito da ita, ta ce idonta ɗaya a kumbure yake. Yaya, ni na fasa tsofaffin bango sun fi a ƙirga, na san abin da ke kwana a ciki. Gida biyu na gani bana da irin idon nan, duka kuwa an samu ƙwaron. Ki kai ta asibiti. In ba ki son ganina, ki kai ta ke kaɗai."

Goggo ta ajiye zanin da ke hannunta.

"Ƙwaro ko? Shi ma yayanka ƙwaro ne ya ba shi abinci ranar da ya faɗi a gona?"

Magini tsoho ne yanzu, gemunsa ya yi fari, hannuwansa duk sun faffashe da kwaɓa ƙasa. Ya daɗe yana kallonta.

"Ashe abin da ke ranki ke nan," ya ce a hankali. "Shekara goma sha tara ina cewa baƙin cikin rashinsa ne ya sa ba ki son ganin mai kama da shi. Ni na goyo shi a bayana daga gona har ƙofar nan, Yaya. Uwarmu ɗaya."

Kansa ya sauka daga katangar. Goggo ta tsaya tana jira ta ji daɗin ta faɗi abin da ta daɗe tana haɗiyewa, amma ba ta ji ba. Ta yi tsaki ta ce ai dama mai laifi ya iya marairaicewa.

Washegari da hantsi ta buɗe ɗaki za ta kai wa yarinyar abinci, sai ta tarar da maɓallanta zube a kan tabarma. 'Yar Tsako tana zaune a ƙasa, ta gaji da zaman kulle ta samo wa kanta abin yi. Ta ɗago kwalbar Malama da hannu biyu tana murmushi da ido ɗaya.

"Kaka, duba. Ban taɓa da hannu ba, da tsinke na tura su, yadda Malama ta ce."

Guda bakwai ne a ciki, baƙaƙe, masu ɗigon ja a gefe, suna hawan juna. Biyu daga ciki sun yi tim da jini kamar ƙwayar wake da ta sha ruwa.

"Ina kika samo waɗannan?"

"Bayan kwandon kazarmu Wake-wake. Akwai da yawa, 'yan ƙanana ma."

Goggo ta durƙusa ta jawo kwandon kazar daga ƙarƙashin gado, kazar na ta masifa. Ƙasan kwandon ya yi baƙi da su, manya da 'ya'ya, suka watse suna neman tsagar bango. Ta ja gadon gefe. Bangon da ke saitin matashin yarinyar duk zane-zanen kashinsu ne, baƙi da fari, wani sabo wani ya bushe tun ba yau ba. Ta fara sauke itace ɗaya bayan ɗaya tana jefarwa waje. A can ƙasa ta tarar da sheƙar ɓera, su ma ƙwarin suna nan a ƙarƙashin ɓawon itacen.

Ko a lokacin, wallahi, abin da ya fara zuwa mata shi ne wani ne ya zubo mata su. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana laluben wanda za ta ɗora wa. Magini? Ta ina? Matarsa? Mai Kwalba, wadda ko inuwarta ba ta tsallake dokin ƙofa ba? Hannunta ya kai ƙugu ya taɓa makullan. Tun ranar da aka fitar da gawar mijinta babu wani mahaluƙi da ya shiga ɗakin nan sai ita da 'yarta da jikarta, kuma ta fi kowa sani, don ita ta tabbatar da hakan. Kajin ita ta shigo da su. Itacen a kanta ta ɗauko shi. Fitilar ita ta kafa. Kwana goma sha biyu kuma ta kulle yarinyar tare da su, tana tsare ta daga mutanen waje.

Ba ta tsaya neman mayafi mai kyau ba. Ta goya 'Yar Tsako duk da girmanta, ta soke kwalbar a ƙugu kusa da makullan, ta kama hanyar ƙaramin asibitin da ke ƙauyen gaba, cikin rana tsaka.

Malama ba ta ce mata ai na gaya miki ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ta duba idon, ta ɗebi jinin yarinyar aka kai ɗakin gwaji, suka zauna a benci suna jira. Da sakamako ya fito ta zo ta zauna kusa da tsohuwar.

"Cutar ta shiga jininta, Goggo. Amma kin zo ana iya yin wani abu. Akwai magani, wata biyu za ta yi tana sha ba fashi, kuma ga yara in an kama da wuri yana aiki sosai. Za mu riƙa duba ta."

"In da ban kawo ta ba fa? Idon ai zai saɓe."

"Zai saɓe, shi ne mugun abin. Kowa ya ce an warke. Cutar kuma ta kwanta a jiki shekara ashirin, talatin. Wasu har su tsufa ba ta taɓa su ba. Wasu kuwa zuciya take ci a hankali, ƙafa ta kumbura, numfashi ya riƙa yankewa."

Goggo ta kafe bangon asibitin da ido.

"Mutum yana iya faɗuwa a gona?"

"Yana iyawa."

"Ko da ya ci abinci lafiya lau da safe?"

Malama ta juyo ta dube ta. "Wa kike tambaya a kai?"

"Wani ne. Ya daɗe da rasuwa."

"To wanda ya daɗe da rasuwa ba zan iya ce miki ga abin da ya kashe shi ba, ban gwada jininsa ba. Amma ke ya kamata a gwada naki, tunda ɗaki ɗaya kuke kwana. Kajin ba sa kamuwa, jininsu dai ke ciyar da ƙwarin su yi ta haihuwa. A fitar da su, a fitar da itace, za mu zo mu yi feshi. Sannan a shafe bangon nan, in ba haka ba baɗi ma za su dawo. Kina da mai yaɓe a kusa?"

Goggo ta miƙa hannu aka ɗebi jininta. Abin da take gani shi ne mijinta yana sosa wuya da safe yana dariya.

A bakin asibitin ta bugo wa 'yarta waya ta ce ta zo gobe, yarinya ba lafiya. Daren ranar a rumfar tsakar gida suka kwana cikin gidan sauro, fitila a kashe. Da gari ya waye ta zagaya ta ƙofar da ta shekara goma sha tara ba ta tsaya a gabanta ba, ta yi sallama. Magini ya fito yana ɗaure wando.

"Bangona ya tsage," ta ce.

"Na sani, Yaya. Ta wajena ma ana gani."

Ta kwance tsumman ƙugunta, ta zaro makullin ɗaki ta miƙa masa. Bai karɓa nan da nan ba.

"Maganar da na gaya maka," ta ce. "Na ɗauki alhakinka shekara goma sha tara. Ka yafe mini."

"Ba yau zan iya ce miki ta wuce ba," in ji shi. "Amma yarinyar nan jikata ce ni ma. Bari masu feshi su gama, in kwaɓa ƙasa."

Ya karɓi makullin ya sa a aljihu. Goggo ta bi aljihun da kallo har ya shige gida, don hali ba ya fita a kwana ɗaya.

Motar farko ta sauke 'yarta. Ta shigo ta tarar da kayan ɗaki duk a tsakar gida, gado a jingine, kaji na yawo a kan katifa, ƙofar ɗakin da ta tashi tana gani a kulle ga ta nan a wangale. Ta ɗauki 'Yar Tsako ta ɗaga fuskarta ta duba idon. Ta karanta takardar asibiti har ƙarshe.

"Kwana nawa idon yana haka, Inna?"

"Sha uku yau."

"Na bugo sau biyu. Kika ce barci take yi."

Goggo ta kawar da kai gefe. 'Yar ta san uwarta ciki da waje, ta tashi tana jin sunayen ɓarayin kaji da masu sa ido da masu mugun nufi. Ta yi ajiyar zuciya irin ta wadda ta gaji tun kafin a fara.

"To faɗi in ji. Wannan karon wa ya yi mata?"

"Ni ce," in ji Goggo.

'Yar ta ɗago. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin wannan kalmar daga bakin nan ba. Hawaye suka cika mata ido, amma ba ta sauke yarinyar daga kafaɗarta ba.

"Zan tafi da ita, Inna. Asibitin birni ya fi kusa da ni, maganin kuma ba ya son fashi."

"Za ki dawo mini da ita in an gama yaɓen?"

"Bari ta warke tukuna."

Goggo ta gane ba a ce mata eh ba. Ita ta haɗa kayan yarinyar da hannunta, ta ninke riguna huɗu, ta sa maganin a leda ta ƙulle bakin sau biyu, ta raka su har bakin hanya. 'Yar Tsako ta leƙo ta tagar mota ta ce, "Kaka, in Wake-wake ta ƙyanƙyashe ki ajiye mini ɗaya."

Har ta buɗe baki za ta ce ke kin san ni, ba a ba ni ajiya ta ɓata. Sai ta haɗiye maganar.

"Zan yi ƙoƙari, ƙawata," ta ce.

Motar ta tashi. Goggo ta juyo gida ita kaɗai, makullai goma na kacau-kacau a ƙugunta.